Gurbin Karatun Kwamfuta: Tun Daga Ajin Lissafi Ake Fara Tseren

Duk lokacin da hukumar JAMB ta buɗe rajista, samari da 'yan matan Kanya Babba da ke Jihar Jigawa sukan nufi cibiyoyin cike fom, da yawansu da buri ɗaya a zuci: karatun kimiyyar kwamfuta. Ba a banza ba. Banki da asibiti da ofishin gwamnati duk sun koma kan na'ura, wanda ya iya haɗa manhaja kuwa yana iya yi wa kamfanin Turai aiki daga ɗakinsa. Sai dai masu nema sun fi kujerun yawa.

Hukumar NUC mai kula da jami'o'i ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta. Saboda haka makin JAMB na 150 cikin 400 da aka amince da shi a 2025 izinin shiga layi ne kawai. A Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello, inda ake tururuwa daga ko'ina, sashen kwamfuta yakan nemi abin da ya fi haka nesa ba kusa ba.

Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki, 35 ga 'yan yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Jigawa tana cikin waɗannan jihohi. Wannan dama ce babba, amma ba ta amfanar wanda bai da kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks. A nan gizo ke saƙa. Makarantar da ta shekara ba malamin fiziks ta riga ta fitar da ɗalibanta daga takara. Haka yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarabawa, ga tambayoyi 180 cikin sa'o'i biyu, lokacinsa yakan tafi wajen neman inda zai danna.

Abin farin ciki, yanzu ƙofofin sun ƙaru, kuma suna kusa. An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa a 2013, sannan Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura a 2021. A Kazaure akwai kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu da cibiyar fasahar sadarwa ta jiha, kuma mai kyakkyawar difloma yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. A ƙarshen 2022 kuma NUC ta fito da sabon tsarin karatu da ya ba tsaron intanet da haɗa manhaja da nazarin bayanai kowanne digirinsa. Ɗalibin da ya duba waɗannan kafin ya zaɓa ya rage wa kansa cunkoso.

Saura aikin manya. Ƙungiyoyin iyaye da tsofaffin ɗalibai su matsa a kawo malaman lissafi da fiziks, a kuma buɗe ɗakin kwamfuta yara su saba tun aji huɗu, mata da maza. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gurbin jami'a yau sai wanda aka shirya shi shekaru uku kafin jarabawa.