Ɓeraye wadanni sun fi tsawon rai: Me hakan ke nufi ga yaran Zamfara da tamowa ta tsumburar?

A cibiyoyin lafiya na Gusau da Tsafe da Bungudu, akan zagaya wani siririn tef mai launi uku a damtsen yaro. Idan awon ya faɗa kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron na fama da tamowa mai tsanani. Akwai kuma yaran da ba su rame haka ba, amma sun tsumbure, tsayinsu bai kai na sa'anninsu ba.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A Arewa maso Yamma, inda Zamfara take, adadin ya kai kashi 57.

Sai ga shi masana sun daɗe da gano cewa ɓerayen da girmansu ya tsaya sun fi sauran tsawon rai. Shin ƙanƙanta alheri ce ke nan?

Ɓeran da ya kusa shekara biyar

Ɓeran ɗakin gwaji yakan yi shekara biyu zuwa uku. A 1996, Holly Brown-Borg da Andrzej Bartke a Amurka suka ba da rahoton cewa wasu ɓeraye wadanni da ake kira Ames, waɗanda jikinsu ba ya samar da sinadarin girma, suna ɗara 'yan uwansu tsawon rai da kusan rabi.

A 2003 wani ɓera a ɗakin gwajin Bartke, wanda jikinsa ba ya jin saƙon sinadarin girma, ya mutu yana da kwana 1,819, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara biyar. A shekarar ce kuma Martin Holzenberger a Faransa ya nuna cewa rage ƙofofin karɓar sinadarin IGF-1 da rabi ya ƙara wa ɓeraye mata kwana da kashi 33 cikin 100.

Yadda saƙon ke tafiya

Wani ɗan ƙulli a ƙasan ƙwaƙwalwa ne ke fitar da sinadarin girma. Idan ya isa hanta, sai ta saki IGF-1 cikin jini, shi kuma ya umarci ƙwayoyin jiki su girma su hayayyafa.

Yayin da saƙon ke da ƙarfi, akan tsare wani furotin mai suna FOXO a wajen cibiyar ƙwayar, inda bayanan gado suke. Da zarar saƙon ya yi rauni, sai FOXO ya shiga ciki ya tayar da ƙwayoyin gado masu gyaran ɓarna da kawar da guba. Wato jiki ya rage gini, ya koma gyara. Shi ya sa ciwon daji ke jinkirin kama waɗannan ɓeraye.

Kama da wane ba wane ba ne

A ƙasar Ekwado akwai mutane masu larurar Laron, da jikinsu ba ya jin sinadarin girma. Binciken da Jaime Guevara-Aguirre da Valter Longo suka fitar a 2011 kan 99 daga cikinsu bai samu mai ciwon suga ko ɗaya ba, mai ciwon daji kuma ɗaya tak. Duk da haka ba su fi danginsu tsawon rai ba, domin haɗurra da wasu dalilai sun kashe da yawansu.

Yaron da tamowa ta tsumbure shi ma IGF-1 ɗinsa yana ƙasa. Sau da yawa sinadarin girma yana nan a jininsa, har ya yi yawa, amma hanta ta ƙi amsawa saboda babu abincin da za a yi ginin da shi.

Bambancin a bayyane yake. Ɓeran gwaji yana ƙoshi, yana cikin ɗumi, an kare shi daga cututtuka. Yaron da iyayensa suka gudo Gusau daga ƙauyen Tsafe ko Bungudu saboda 'yan bindiga yana fuskantar gudawa da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da raunanniyar garkuwa. Tsumburewa na ƙara masa haɗarin mutuwa, tana kuma rage masa fahimta a makaranta.

Lokacin da ya fi muhimmanci shi ne kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Tsayin da aka rasa a nan da wuya ya dawo duka.

Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar nonon uwa zalla na wata shida. Daga nan a ci gaba da shayarwa, a riƙa haɗa kunun gero da gyaɗa ko waken suya, a ƙara da wake, ƙwai, kifi da zogale, a kuma kammala allurar riga-kafi.

Galibin wannan abinci ana noma shi a Tsafe da Bungudu. Abin da ya rage shi ne manomi ya iya zuwa gonarsa ya dawo gida lafiya.