Sinadarin Saɓa a Jikin Tsutsar Tundurmi da Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Kamar yadda aka sani, ciwon tundurmi da gwaiwa sun daɗe suna addabar al'ummarmu, musamman mazauna karkara. A ƙasarmu, abin da ke haddasa tundurmi da yawancin gwaiwa shi ne wata siririyar tsutsa mai suna Wuchereria bancrofti, wadda sauro ke ɗauka daga jikin mai ciwo ya kai wa mai lafiya. A wannan bayani za mu duba yadda tsutsar ke girma da hayayyafa, da kuma dalilin da ya sa ake nanata shan magani kowace shekara.

Ita wannan tsutsa tilas ta yi saɓa kamar yadda maciji ke yi. Sau huɗu take saɓa kafin ta balaga: biyu a cikin sauro, a tsawon kimanin mako biyu, sauran biyun kuma a jikin ɗan Adam. Idan ta balaga sai ta zauna a hanyoyin da ruwan jiki ke bi har shekara 6 zuwa 8, tana haifar miliyoyin 'ya'ya waɗanda ke fitowa cikin jini da dare, daidai lokacin cizon sauro.

Masana sun fara gano sinadarin da ke ba da umarnin saɓa ne a jikin ƙwari. A shekarar 1954, Adolf Butenandt da Peter Karlson na ƙasar Jamus suka tace shi daga tsutsar siliki, aka sa masa suna ekdaison. Daga baya bincike ya nuna cewa tsutsotsin dangin tundurmi ma suna amsa wannan umarni. A 1991 an ga sinadarin yana ƙara yawan 'ya'yan da macen tsutsa ke fitarwa, yana kuma zaburar da ƙwayayenta su ci gaba da nuna. A 2010 aka gano makarɓarsa a jikin Brugia malayi, wato 'yar uwar tamu da ke yankin Asiya. Sinadarin da makarɓar tamkar mabuɗi ne da kwado. In sun haɗu sai aikin saɓa da haihuwa ya tashi.

Amfanin wannan sani a fili yake. Idan umarnin ya zo ba a kan kari ba, girman tsutsa sai ya rikice. A gwajin da aka wallafa a 2016, an ba wasu ɓeraye masu ɗauke da ƙananan tsutsotsin wannan sinadari, sai tsutsotsin suka kasa kai wa ga balaga yadda suka saba. Sai dai binciken bai kai matsayin maganin da ake ba mutane ba tukuna.

Magungunan da ake rabawa kyauta, wato Mectizan da albendazol, 'ya'yan tsutsar suka fi kashewa, uwar kuwa takan rayu ta sake haihuwa. Wannan ne ya sa ake shan su sau ɗaya kowace shekara, aƙalla shekara biyar a jere, har uwayen su mutu ba tare da sun bar magada ba. Ta wannan hanya, tare da kwana cikin gidan sauro, jihohin Filato da Nasarawa suka kawar da barazanar tundurmi, kamar yadda aka bayyana a 2017.

Saboda haka muna kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su tabbatar cewa babu gidan da aka tsallake a lokacin rabo. Haka kuma muna roƙon magidanta kada su daina sha don ganin suna cikin ƙoshin lafiya, domin mutum na iya ɗaukar tsutsar shekaru kafin kumburi ya bayyana. Masu juna biyu, ƙananan yara da masu tsananin rashin lafiya su bi shawarar jami'in lafiya tukuna. Allah Ya ƙara mana lafiya.