Mai Ce Wa Ƙwaƙwalwa "Ya Isa"

Duk wanda ya taɓa ban ruwa da rani, a Zadawa ne ko a fadamun kogin Jama'are, ya san aikin na mutum biyu ne. Ɗaya na bakin inji, ɗaya na cikin lambu da fartanya, ƙafa duk laka. Da fangali ya cika, ruwa ya fara cin kunya, sai na lambu ya ɗaga murya: "Ya isa, rage!" Ruwa gaba yake yi, magana kuwa baya take komawa.

Haka ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke yi. Wannan ta tura wa waccan saƙo, in ya yi yawa sai mai karɓa ta haɗa wani sinadari mai maiƙo nan take, ta mayar wa mai turowa don ta sassauta. Ba a ajiye shi. A haɗa, ya yi aiki, a rushe shi, kuma a mahaɗar ƙwayoyin biyu kaɗai. Raphael Mechoulam da abokan aikinsa a Isra'ila ne suka gano na farko a irin waɗannan sinadarai, anandamide, a 1992, aka gano na biyu, 2-AG, a 1995. Sai a 2001 aka tabbatar cewa baya suke tafiya. Abin da ya fi ba ni mamaki, wani lokaci ƙwayar da aikinta datse saƙo ne ake ce wa ta sassauta, sai saƙo ya ƙaru. Da haka ake daidaita koyo, tunawa, jin ciwo da yunwa, ake kuma taka burki wa irin ambaliyar da ke kawo farfaɗiya.

To, sinadarin wiwi, THC, kunnen da ke sauraron wannan kira yake kamawa. Baƙo ne da ya shigo fadama yana ihun "rage!" ga kowane inji, awa da awanni, ko fangali ya cika ko ƙasa a bushe take. Shi ya sa mashayi ke manta maganar da ya faro. In abin ya daɗe, masu inji sukan toshe kunne, har kiran gaskiya ba sa ji sosai.

Wani bincike kan shekarar 2017 ya ce 'yan Najeriya miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a shekarar, ga shi ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Iyaye, yaron da ya faɗa ciki a kai shi asibiti a Azare, kada a tsaya ga duka da ɗauri. Bayan kamar wata guda da dainawa, kunnuwan nan sukan fara dawowa daidai.