Kifin Gulbi da Masu Rabonsa

Kowa ya san ƙasar Funtuwa da auduga da masara, amma ba kowa ya san daga nan ne Gulbin Sakkwato ya ɗauko kai ba. Yana farawa ɗan rafi, ya gangara ta Gusau da Talatar Mafara, ya haɗu da Rima kusa da Sakkwato, sa'an nan ya juya kudu ta Argungu da Birnin Kebbi, har ya faɗa Kwara. Saboda haka maganar kifi ba ta Kabawa kaɗai ba ce. Mu ma da ke bakin mafarin ruwan muna da hannu a ciki, balle yanzu da aka yi mana madatsun ruwa, kamar ta Mairuwa da ta Gwaigwaye wajen Funtuwa, da wadda ke Malumfashi.

Mutum uku ne ke miƙa hannu ga kifin nan. Akwai masunci na sana'a, mai jirgi da raga, wanda ke kamawa kullum ya sayar wa dillalai. Akwai mutanen ƙauye, waɗanda tun kaka da kakanni sukan jira rani, ruwa ya janye, a sa ranar su, kowa ya shiga da homarsa da gorarsa ya samo na miya. Akwai kuma mai jefa fatsa ran hutu don ya sha iska. Kowanensu yana ganin ruwa na Allah ne, ba mai hana shi. Gaskiyarsa, amma fa kifi ba ya ƙaruwa don masu nemansa sun ƙaru.

Ga yadda kifi ke yaɗuwa. Da damina ta sauka, gulbi ya cika ya malala cikin fadama, sai tarwaɗa da 'yan'uwanta su bi ruwa su hau cikin ciyawa su zuba ƙwai. Nan 'ya'yan za su sami abinci da wurin ɓuya, su yi ƙwari kafin ruwa ya koma gadonsa. Wanda ya tare hanya da raga a lokacin nan, ya kama uwa da ƙwai a ciki, bai ci kifi ɗaya ba, ya ci rabon mutum ɗari na baɗi. Haka kuma mai raga mai ƙananan idanu, wadda ba ta barin ko ɗan da bai kai yatsa ba. Wanda ya fi su duka ɓarna shi ne mai zuba guba. Magimfa ake dakawa a da, daga baya aka koma ga maganin ƙwari irin su gamalin, abin da ke kashe babba da yaro, ya kuma cuci wanda ya ci.

Mutanen da ba su yi karatun boko ba, amma sun san wannan sarai, shi ya sa suka naɗa Sarkin Ruwa. Argungu ita ce misali. A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka yi gagarumin su don girmama baƙo, kuma daga nan ne bikin kamun kifi ya samo asali. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Baƙi sukan yi mamakin girman giwan ruwan da ake fitarwa a Matan Fada, kamar wanda aka auna kilo 75 a 2005. Asirin ba wani abu ba ne illa hani. Ana tsare wurin, ba a yarda a yi su a cikinsa ba sai ranar da aka ba da izini, ranar ma da kayan gargajiya, na ɗan lokaci kaɗan. Watau ba a raba kifi da ƙirga ba, gama ba mai iya ƙirga abin da ke ƙarƙashin ruwa. An raba shi da lokaci, da wuri, da irin kayan da za a shiga da su.

To, akwai wani mai cin rabo wanda ba ya ko taɓa ruwa. Da aka gama madatsar Bakolori a 1978, ambaliyar da ke shayar da fadamun ƙasa da ita ta ragu, kifi ya rasa wurin haihuwa, masunta da yawa suka ga kamunsu ya ja baya. Mu manoman kudancin Katsina kada mu yi saurin nuna yatsa. In muka yi huɗa har bakin rafi, ƙasa ta zaizaye ta cike madatsa, ko muka wanke tulun feshin auduga a ciki, mun ɗebi namu kason ba da raga ba.

A ganinmu, in kifi ya yi ƙaranci, wanda zai ci da iyalinsa shi ya kamata a fara dubawa, domin shi ba ya da jirgin da zai ƙaura zuwa wani ruwa. Masunci na sana'a ba abokin gaba ba ne, da shi ne birni ke cin kifi, kuma shi ne ya fi kowa asara ran da ruwa ya zama fanko. Sai dai a yanke masa yawan raga, a tsare masa watannin damina, a bar wa ƙauye tafkunan da aka saba yin su a cikinsu. Mai fatsa kuwa, abin da yake ɗauka bai taka kara ya karya ba, ya dai mai da ƙanana cikin ruwa.

Doka ba a rasa ta ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, watau kamar inci 3, sai ga waɗansu kayan da ta keɓe. Amma ma'aikacin gwamnati yana ofis, raga kuwa da dare ake shimfiɗa ta. Wanda ke kwana bakin ruwa, ya san kowane jirgi da mai shi, shi ne Sarkin Ruwa, don haka ya kamata hukuma ta ɗaure masa gindi, a bar shi ya faɗi ranar rufewa da ranar buɗewa. Mu kuma da za mu fita koyarwa, in an tura ɗayanmu garin da ke bakin madatsa, ba wuya ya aro raga ya kawo aji ran darasin awo. Ana auna ido ne a miƙe, daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantarsa.