Taya, Wili da Kwana: Tantance Jita-jita kan Motar Lantarki a Hanyoyin Zuru

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, zancen motar lantarki ya shiga tashoshin mota da garejin makanikai a ƙasar Zuru, duk da cewa motar kanta ba ta yawaita a yankin ba. Kafin wannan lokaci kamfanin Stallion ya riga ya fara harhaɗa Hyundai Kona mai aiki da batir a Legas a shekarar 2020, kuma hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a 2021. Maganganun da ake yaɗawa game da yadda irin wannan mota ke shan kwana sun cancanci a tace su, domin Zuru ƙasa ce ta tuddai mai samun ruwa fiye da arewacin Kebbi, kuma mai bin hanyar Dabai da Mahuta zuwa Koko, ko ta Rijau zuwa Kontagora, ya san cewa kwana da gangara da rami sukan haɗu masa a wuri guda.

Shan kwana ya dogara ne da riƙo, kuma abin da ake nufi da riƙo shi ne ƙarfin da robar taya ke kama ƙasa da shi, wanda ke hana mota zamewa gefe idan an karya sitiyari. Dukkan wannan aiki yana faruwa ne a ɗan wurin da kowace taya ta taɓa kwalta, wanda faɗinsa bai wuce tafin hannun babban mutum ba, ko da fetur motar ke sha ko da batir take tafiya.

Maganar da ta fi yawo ita ce wai nauyin batir yana manne motar da ƙasa, don haka ba ta zamewa. A cikin wannan akwai gaskiya da ƙarya a cakuɗe. Gaskiya ne cewa ana shimfiɗa batir a ƙarƙashin daɓen motar, abin da ke sauko da cibiyar nauyinta kusa da ƙasa, wato wurin da nauyin jikinta ya tattaru, sai ta rage karkata a kwana kuma kifewa ta yi mata wuya. Amma nauyin da ke danna taya ƙasa shi ne kuma ke jan motar zuwa wajen kwana, kuma halin roba ne cewa riƙonta ba ya ninkuwa idan an ninka mata kaya, ƙaruwar takan gaza haka. Kona mai batir ta fi 'yar'uwarta mai fetur da kimanin kilo 300, kusan buhun masara uku ke nan da ba a taɓa sauke su, kuma tayoyin ne ke ɗaukar wahalarsu a kowace kwana. Ƙari a kan haka, injin lantarki yana sakin ƙarfinsa nan take, saboda haka direban da ya taka totur a tsakiyar kwana bayan yayyafin farko na damina zai iya sa tayoyin gaba su yi ta juyawa ba tare da kama ƙasa ba.

Magana ta biyu ta shafi wili, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, inda ake cewa babban wili da taya mai faɗi sun fi riƙo. A nan ne masu son ado suka fi yin asara. Idan an ƙara girman wili dole ne a rage tsayin kuiɓin taya don zagayen ya zauna yadda yake, kuma gajeren kuiɓi ba ya lanƙwasa sosai, shi ya sa motar ke saurin amsa sitiyari a kan kwalta sumul da ta bushe. Wannan amfani na gaske ne, sai dai a kan titi mai kyau ake samunsa. A hanyar da ke da faci da tsakuwa, tayar da ba ta da kuiɓi takan riƙa tsalle, kuma tayar da ke sama ba ta riƙe komai. Idan ta faɗa rami kuma, gefenta ya yi ƙulli ko wilin ya lotse. Taya mai faɗi tana da ƙarin ruwan da za ta kora daga gabanta, don haka ta fi saurin hawa kan ruwa ta rabu da kwalta. Babban wili kuma ya fi nauyi, yana cin cajin batir, abin da ba ƙaramar magana ba ce a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas.

Ba gaskiya ba ne cewa sai tayar da aka rubuta wa sunan motar lantarki kaɗai ke yi mata aiki. Abin da ya wajaba shi ne girman ya dace da wanda kamfani ya rubuta a jikin dogarin ƙofar direba, kuma lambar ɗaukar kaya kada ta gaza. Wannan lamba tana biye da girman taya: 91 na nufin kilo 615, 94 na nufin kilo 670, 98 kuma kilo 750.

Akwai kuma al'adar rage iska a lokacin bazara don gudun fashewa, wadda wasu masu faci ke ba da shawararta da kyakkyawar niyya. Tabbas iska na ƙaruwa idan taya ta ɗau zafi, amma masu ƙera ta sun riga sun lissafa wannan. Tayar da iskarta ta gaza ita ce ke yawan lanƙwasa, ta tara zafi a cikin jikinta har zarenta ya saki, a kwana kuma takan naɗe ta hau kan kafaɗarta. Ana auna iska da safe kafin mota ta motsa, da ma'auni mai kyau, ba da dukan ƙafa ko bugun ƙarfe ba.

Mafi haɗari duka shi ne imanin cewa tayar hannu 'yar Beljiyam ta fi sabuwa ƙarko saboda daga Turai ta fito. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a 2008, kasuwa ta dogara da tayar waje, kuma tsofaffin tayoyi na shigowa duk da cewa doka ta hana shigo da na ƙananan motoci. Da yawa daga cikinsu na lokacin sanyi ne, masu ɗauke da hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, an yi robarsu don yanayin da bai kai digiri 7 ba, sai ta yi laushi a zafin watan Afrilu ta riƙa yawo a kwana. Shekarun taya na rubuce a gefenta da lambobi huɗu: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ba taya wa'adin shekara huɗu daga lokacin da aka ƙera ta, kamfanonin taya kuma sukan ba da wa'adin da ya fi haka, amma duk sun yarda cewa tsohuwar roba tana ƙandarewa ko da zanenta bai suɗe ba, zanen da ya gaza milimita 1.6 kuwa ya gama aiki.

Wanda kuɗinsa bai kai na taya huɗu ba, ya sayi biyu iri ɗaya ya ɗaura su a baya, ba a gaba ba kamar yadda aka saba, domin direba na iya gyara zamewar gaba ta hanyar sassauta totur, amma idan baya ya kuɓuce a gangarar da ruwa ya jiƙa, motar takan juya da shi kafin hannunsa ya kai ga gyara.