Lokacin da Kogin Lena Yake Rufe Hanya

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu muna zaton tsakiyar hunturu ne lokaci mafi wuyar tafiya a ƙasashen sanyi. A birnin Yakutsk na yankin Saiberiya, ƙasar Rasha, ƙarshen kaka ya fi wuya.

Dalili kuwa, birnin yana yammacin kogin Lena, babbar hanyar mota da tashar jirgin ƙasa suna gabas, gada kuma ba a kammala ta ba. Lokacin zafi jirgin fito ke ƙetarar da motoci. Daga watan Oktoba kogin yake fara daskarewa, a Nuwamba sanyi yakan kai digiri 25 ƙasa da sifili.

To, nan matsalar take. Ƙanƙara ta tare wa jirgi hanya, amma ba ta yi kaurin ɗaukar mota ba. Sai motocin kaya su yi cirko-cirko a bakin kogi, kayan masarufi su yi tsada a birni.

Sai wajen ƙarshen Disamba ake buɗe hanya bisa ƙanƙarar, ƙananan motoci tukuna, manya daga baya. Direban da ya yi gaggawa kafin nan yana iya nutsewa da motarsa. Kun ga ke nan, a can ƙaruwar sanyi ce take buɗe hanya.