Rajista Daban, Aji Daban: Yaran Firamare a Tsiga

Na daɗe ina koyarwa a ƙananan firamare na yankin Tsiga, cikin ƙaramar hukumar Bakori, kuma abin da ya fi damuna shi ne tazarar da ke tsakanin sunayen da ke rajista da yaran da ke zaune a gabana.

A watan Satumba aji ɗaya yakan cika maƙil, wasu a benci, wasu a tabarma. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole, iyaye ma sun amince su kawo. Sai kaka ta kama. Ana karyar masara, ana cirar waken soya, ga tsinkar auduga, yara maza su bi iyayensu gona. Ba na ganin laifin manomin da ba shi da kuɗin ƙwadago, amma yaron da ya rasa wata biyu yakan dawo ya manta haɗa baƙi.

'Yan mata ne suka fi ba ni tausayi. A aji ɗaya kusan kai ɗaya suke da maza. Kafin aji shida talla da rainon ƙanne sun janye da yawansu, sunayensu kuwa na nan ana kira kullum safe.

Akwai kuma baƙi: 'ya'yan iyalan da ɓarayin daji suka taso daga ƙauyukan Faskari da Ƙanƙara. Sukan zo tsakiyar zango, babu takardar canjin makaranta, wani ɗan shekara goma bai taɓa riƙe fensir ba. Ga 'ya'yan Fulani na rugage, ga almajiran makarantar allo da ke leƙe ta taga ba wanda ya rubuta su.

Lissafin nan ba wasa ba ne. Abin da hedimasta ya cike a ƙidayar makarantu ta shekara shi ke zuwa ofishin ilimi na Bakori, ya wuce hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) a Katsina, da shi ake duba rabon malamai da kujeru. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35. Idan aka kumbura adadi, an cuci wata makaranta. Idan aka bar baƙi ba a rubuta ba, mun cuci kanmu.

Shi ya sa nake roƙon kwamitin kula da makaranta (SBMC), da mai unguwa da liman a ciki, su riƙa karɓar rajista duk ƙarshen wata, su bi yaran da suka ɓace gida-gida.